Yabo da Sabo Ne Ke Koya wa Jariri Magana? Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan na tsince su ne a bakin iyaye da masu rainon yara a nan Kaduna, wasu a gidan suna, wasu a layin riga-kafi, ɗaya kuma daga ƙanwata da ke Tudun Wada, wadda ɗanta ya cika shekara bai ce uffan ba sai nuni da yatsa. Duk inda aka zagaya, wuri ɗaya ake dawowa: mu ne muke koya wa jariri magana da murmushinmu da tafinmu, ko kuwa da abinsa ya zo duniya?

Mene ne “sabo” da “ƙarfafawa” da masana ke yawan ambata?

Hanyoyin koyo ne guda biyu, kuma duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san su ko da bai san sunansu ba.

Ta farko ita ce sabon da ke zuwa idan abu biyu suka daɗe suna tafiya tare. Ivan Pavlov, masanin aikin gaɓoɓin jiki ɗan ƙasar Rasha, wanda ya sami kyautar Nobel a 1904 kan binciken narkewar abinci, ya lura karnukansa suna dalalar da miyau da zarar sun ji motsin mai kawo musu abinci. Sai ya riƙa yin wata ƙara daf da ba su abincin, har ta kai ƙarar kaɗai tana tsinka musu miyau. Haka jariri yake. Yana tsala kuka a ɗaki, uwar tana tsakar gida tana ɗauraye hannu, ta ɗaga murya, “To, to, ga ni nan!” Sai ka ji kukan ya sassauta, alhali nono bai shiga bakinsa ba.

Ta biyu ita ce koyo ta sakamako. B. F. Skinner na Jami'ar Harvard a Amurka ya sa ɓera a akwati mai ɗan ƙarfen dannawa. In ɓeran ya danna, ƙwayar abinci ta faɗo. Ba a jima ba ya zama gwanin dannawa. Duk abin da ya biyo bayan wani aiki har ya sa aka ƙara yin aikin, shi ake kira ƙarfafawa. Ba sai abin ci ba. A wurin jariri, fuskar da ta juyo ta dube shi ma lada ce.

Yaya Skinner ya ce jariri ke koyon harshe?

A littafinsa na 1957, Verbal Behavior, ya ɗauki magana a matsayin ɗabi'a kamar kowace ɗabi'a. Jariri yana gwarancinsa, “ma-ma-ma, ba-ba-ba”, ba da wata manufa ba. Ranar da bakinsa ya faɗa kan abin da ya yi kama da kalma, sai gida ya ɗauka: “Kun ji? Ya ce Baba!” A ɗaga shi sama, a yi masa cakulkuli. Sautin da ya jawo wannan murnar ya ƙara fitowa, wanda aka yi biris da shi ya dushe. Daga nan manya su riƙa ƙara masa sharaɗi ba tare da sun sani ba. Da can in ya ce “yuwa” an ba shi, nan gaba sai ya ce “ruwa”. Skinner ya kasa maganar gida-gida: akwai roƙo, wanda ladarsa samun abin da aka roƙa, akwai ambaton abin da ido ya gani, wanda ladarsa “Ƙwarai, mage ce”, akwai kuma maimaita abin da kunne ya ji.

Af, kalmar gwaranci da nake ta faɗa, asalinta tsokanar Gwari ce, kuma a garin da Gbagyi suka riga kowa zama ya kamata mutum ya san haka. Ita ce dai iyaye mata ke amfani da ita, shi ya sa na bar ta.

Akwai hujjar cewa amsa wa jariri na canza gwarancinsa, ko hasashe ne kawai?

Akwai, kuma mai ƙarfi ce. A 1959 Harriet Rheingold da abokan aikinta sun gwada jarirai 'yan wata 3 a Amurka. Da farko mai gwajin ta tsaya a kan jariri ba ta nuna komai a fuska. Bayan haka, duk lokacin da ya yi sauti sai ta yi murmushi, ta yi ɗan sauti da bakinta, ta taɓa cikinsa. Sautukan suka ƙaru sosai. Da aka daina amsawa, suka ragu.

Wani zai ce ai wasa ne kawai ya faranta wa yaran rai. Gwajin da Michael Goldstein da Andrew King da Meredith West suka wallafa a 2003 ya toshe wannan kafar. Jarirai ne 'yan kimanin wata 8, kowanne da uwarsa, an maƙala wa uwar abin sauraro a kunne. Iyayen rukuni na farko aka ce da zarar yaro ya yi sauti su yi murmushi, su matsa kusa, su taɓa shi. Na rukuni na biyu sun yi daidai wannan adadin murmushi da taɓawa, amma a lokutan da ba su da alaƙa da sautin yaransu. Jariran rukunin farko ne gwarancinsu ya ƙaru, ya kuma ƙara kama da gaɓoɓin kalma na sosai. A ganina nan tsokar maganar take. Wasa iri ɗaya aka yi wa kowa, bambancin kawai wasu sun sami nasu a kan kari.

Abin ma yana farawa tun kafin ranar suna. A 1980 Anthony DeCasper da William Fifer sun ba jariran da ba su wuce kwana 3 ba robar tsotso da aka haɗa da na'ura. Wani salon tsotso yana kunna muryar uwar jaririn, wani kuma muryar wata mace dabam. Jariran suka karkata ga tsotson da ke kawo musu muryar uwarsu.

To me ya sa ake cewa Chomsky ya rushe wannan ra'ayi?

Saboda gwaranci dabam, jimla dabam. A 1959 Noam Chomsky, masanin harshe Ba'amurke, ya rubuta doguwar suka ga littafin Skinner. Jigonta shi ne yara suna faɗin jimlolin da ba su taɓa ji ba, balle a ce an taɓa ba su lada a kai, kuma cikin 'yan shekaru kusan kowane yaro yana ƙwarewa a harshen gidansu, ko an damu da koya masa ko ba a damu ba.

'Yar maƙwabtanmu tana da shekara uku ta leƙa ƙofar gida, ta ga Fulani sun koro garke ta bakin layi. Ta rugo ciki tana haki: “Umma, Umma, saniyoyi!” Wa ya taɓa cewa saniyoyi a gidansu? Shanu take ji. Amma ta ji mota da motoci, taga da tagogi, ƙofa da ƙofofi, sai ta zare ƙa'idar ta ɗinka wa saniya. Ba ta kwaikwayi kowa ba, kuma dariya aka yi mata, ba tafi ba. Jean Berko ta nuna irin wannan a 1958, inda ta zana wata halitta mai kama da tsuntsu, ta ƙago mata suna “wug”, ta nuna wa yara masu Turanci guda biyu. Suka yi wa kalmar jam'i daidai da ƙa'idar harshensu, alhali ranar suka fara jin ta.

Sai kuma abin da Roger Brown da Camille Hanlon suka gano a 1970, bayan sun bi diddigin hirar yara uku da iyayensu. Iyaye gaskiyar magana suke dubawa, ba ginin jimla ba. Mu ma haka muke. Yaro ya ce “Baba tafi kasuwa”, uwa ta ce “E, ya tafi.” In kuwa ya tsara jimla tsaf ya ce “Baba ya tafi masallaci” alhali kasuwa ya je, nan take zai ji “A'a.” Brown ma ya taɓa yin raha da wannan: da lada kaɗai ke aiki, da an tashi masu gaskiya marasa nahawu, abin da ake gani kuwa akasin haka ne.

Misalin da ya fi gamsar da ni yana makarantar allo. Yaro yana bin malam aya-aya, in ya yi daidai a wuce, in ya kuskure a gyara, har ya haddace izu guda da lafazi mai kyau. Maimaitawa ce da sakamako tsantsa, kuma tana aikin da aka sa ta. Amma ka ce ya roƙi ruwan sha da Larabci, sai ya tsaya yana kallonka. Hausar da ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya biya masa kuwa, da ita yake musu da yayarsa kan wa zai je aike.

Chomsky ya yi gaskiya da ya ce lada ba ta isa ba. Maganarsa ta cewa ana haihuwar yaro da tushen nahawu a ƙwaƙwalwa kuwa, har yau masana suna ja a kanta. Waɗanda suka ɗauka sukarsa na nufin amsar iyaye ba ta da wani tasiri, su ne suka wuce gona da iri.

In ba da yabo ba, da me jariri yake gane inda kalma ta fara da inda ta ƙare?

Da kunne, da kuma wani irin lissafi da ba ya buƙatar lada. A 1996 Jenny Saffran da Richard Aslin da Elissa Newport sun kunna wa jarirai 'yan wata 8 gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, a jere ba tsayawa, na minti 2 kacal. Bayan haka jariran sun bambance gaɓoɓin da kullum ke bin juna daga waɗanda suka haɗu bisa katari. Ba wanda ya yi musu murmushi a kai.

Kunnen kuma yana tace kansa. Janet Werker da Richard Tees sun nuna a Kanada a 1984 cewa jariran gidajen Turanci 'yan wata 6 zuwa 8 suna jin bambancin wasu sautukan harshen Hindi, da na wani harshen 'yan asalin Kanada mai sautuka biyu masu kama da ƙ ɗinmu. Zuwa wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina ji. Shi ya sa ɗan Bahaushe ke raba kafa da ƙafa, bari da ɓari, daka da ɗaka, da kukan jariri da kukar miya ba tare da darasi ba, baƙo kuwa ya shekara goma a Kasuwar Barci yana fama. Abin sha'awa, da hanyar Skinner aka yi gwajin: an sabar wa jariri cewa in sauti ya canza ya juya kai, zai ga ɗan abin wasa ya haska yana motsi.

Ina jin kunyar ɗan farina, ba na yi masa wasa a gaban mutane. Zai yi jinkirin magana?

Ki kwantar da hankalinki. Alkunyar ɗan fari tsohuwar al'ada ce, kuma 'ya'yan fari ba su tashi bebaye ba. Jariri amsa yake nema, bai damu da wa ya ba shi ba. A gidan yawa masu amsawa sun yi masa yawa ma: kaka tana kiransa “maigidana” tana yi masa tsiyar bai kawo cefane ba, goggo tana cilla shi sama, yayyen gida suna kwaikwayon duk abin da ya faɗa.

Elinor Ochs da Bambi Schieffelin sun rubuta a 1984 kan mutanen Samowa da ƙabilar Kaluli ta Papuwa Niyu Gini, inda manya ba sa zama hira da jinjiri irin yadda Turawa masu hali ke yi. Uwar Kaluli takan juya jaririnta ya fuskanci jama'a, ta yi magana a madadinsa, in ya fara magana kuma ta riƙa gaya masa abin da zai ce. Yaransu suna iya harshensu sarai. Wannan bai yi nisa da namu ba: “Ka ce ina kwana”, “Ce wa Hajiya an gode.”

Inda nake da damuwa shi ne sabon zaman da ya yawaita a gari. Amarya ita kaɗai a ɗaki biyu da falo a Rigasa ko Hayin Banki, miji ya fita tun asuba, kaka tana Zariya ko Funtuwa, ƙofa a rufe. A irin wannan gida in uwa ta riƙe alkunya har cikin ɗaki, ba mai karɓar aikin. Kunya ta gaban surukai ce. In daga ke sai shi, ki amsa masa.

In ya faɗi kalma ba daidai ba, in gyara masa? In ya yi daidai, in ba shi alawa?

Alawa ba ta da wuri a nan. Ladar “ruwa” ita ce a ba shi ruwa, ladar “mota” ita ce a duba inda yake dubawa a ce “E, ga mota, ta wuce.”

Gyara kuwa akwai wanda ba ya ciwo, kuma iyaye suna yin sa ba su sani ba. Yarinya ta ce “saniyoyi”, uwa ta ce “Kai, shanu ne da yawa haka?” Ba a ce ta yi kuskure ba, amma ta ji daidai ɗin a daidai lokacin da hankalinta ke kan abin. Michelle Chouinard da Eve Clark sun nuna a 2003, daga hirar yara masu Turanci da masu Faransanci, cewa manya suna yawan yin haka, yaran kuma suna lura. Tsawa da “sake faɗa” sau biyar kuwa, abin da suke koya wa yaro shi ne buɗe baki a gaban wane yana jawo masifa. Haka ma in'ina, wadda takan ɓullo tsakanin shekara 2 zuwa 5 kuma yawancin yara tana barinsu. Dariya da kwaikwayo ba sa taimakonta.

Ɗana bai iya jimla ba amma ya iya zagi. Ina ya samo?

Nan kam Skinner ya ci gari. Ranar farko da ɗan shekara biyu ya ware yatsu ya yi wa kawunsa daƙuwa ya ce “uwaka”, me aka yi? Gida ya fashe da dariya, aka kira na ɗaki su zo su ji, wani ya ciro waya yana cewa “Maimaita, maimaita.” Babu kalmar da ta taɓa samo masa irin wannan kasuwa. Bayan wata shida kuma a ce za a dake shi a kanta.

Maganinsa a daina sayen hajar, amma kowa da kowa. Skinner ya gano cewa ɗabi'ar da ake ba lada jefi-jefi ta fi wuyar mutuwa a kan wadda ake ba kullum. In mutum tara sun share shi, na goma ya yi dariya, an ƙara mata kwana ke nan.

Waya da talabijin fa? Ai magana ake yi a ciki.

Ana yi, amma ba da shi ake yi ba. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington sun kawo jarirai 'yan wata 9 daga gidajen Turanci, aka yi musu zama 12 da masu harshen Sinanci suna yi musu wasa da karatu. Jariran suka riƙe jin bambancin wasu sautukan Sinanci. Wasu jariran an nuna musu mutanen nan ɗin dai a bidiyo, wasu muryar kaɗai aka kunna musu. Waɗannan ba su fi wanda bai taɓa jin Sinanci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa 1 a rana.

Wayar da ke hannun uwa ko uba ma tana cikin lissafi. Yaro ya ce “ba” yana miƙa hannu, amsar ta zo bayan an gama karanta saƙon WhatsApp, shi kuwa tuni hankalinsa ya koma kan takalmi.

A gidanmu ana Hausa da Turanci, kakarsa kuma harshen Bajju take yi masa. Ba zai rikice ba?

Ba zai rikice ba. A Kakuri da Sabon Tasha da Kawo yara nawa ne suka tashi da harshe uku? Cakuɗa su a jimla ɗaya ba ciwo ba ne, manya ma haka suke yi. In za a ƙirga kalmominsa, a haɗa na duka harsunan.

Abin da ƙarfafawa ke yi a nan shi ne zaɓar harshen da zai rayu. Yaro yana lura da wanda ke biya masa buƙata da wanda ke jawo masa yabo. In duk ranar da ya yi Turanci aka tafa, in ya yi Hausa aka ce ya daina, makaranta kuma tana cin tarar mai harshen gida, to ya gane saƙon. Haka ake samun yaro a Malali ko Unguwar Rimi yana jin Hausa sarai amma da Turanci yake amsa wa kakarsa.

Yaushe jinkiri ke zama abin kai wa asibiti?

Yara sun bambanta, amma akwai ma'auni. Wajen wata 2 jariri yakan fara 'yan sautukan jin daɗi. Tsakanin wata 6 zuwa 10 gwarancin “ba-ba, da-da” ke fitowa. Kalmar farko wajen shekara 1, haɗa kalma biyu tsakanin wata 18 zuwa 24. Ɗan ƙanwata mai nuni da yatsa bai tayar mini da hankali ba, domin in an ce “Ina takalminka?” yana ɗaukowa, kuma nuni da yatsa kansa matakin magana ne. Wanda ya shekara ba gwaranci ba nuni, ko ya kai wata 18 ba kalma ko ɗaya, ko ba ya juyowa in an kira sunansa, ko ya fara magana ya daina, wannan a kai shi, kada a tsaya ga “babansa ma haka ya yi.”

Kunne ake fara dubawa. Jaririn da ba ya ji shi ma yana kuka, yana dariya, yana 'yan sautuka a watannin farko, shi ya sa iyaye ke daɗewa ba su gane ba. Sanƙarau, ƙyanda, shawara mai tsanani a kwanakin haihuwa, da ciwon kunne mai zubar da mugunya duk suna iya taɓa ji. Mu a Kaduna mun yi dace, Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a garin nan take. In an tabbatar yaro kurma ne, harshe bai kuɓuce masa ba. Laura-Ann Petitto da Paula Marentette sun nuna a 1991 cewa jarirai kurame da iyayensu ke maganar hannu suna yin gwarancinsu da yatsu, a watannin da masu ji ke yi da baki.

Gwajin jin yaro daga wajen wata 6 kuwa, a ɗakunan gwajin kunne, da dabarar nan ta ƙarfafawa ake yin sa. Uwa ta zauna da shi a cinya, a saki ƙara daga gefe, in ya juya sai abin wasa ya haska. Da ya gane wasan, sai a riƙa rage ƙarar kaɗan-kaɗan, ana rubuta inda ya daina juyowa.